Poe ko Anna Green: da wa za ki fara?

'Yar'uwa, kin tambaya a zaure cewa tsakanin Edgar Allan Poe da Anna Katharine Green wa ya kafa labarin binciken laifi a Amurka, kuma littafin wa ya kamata ki fara ɗauka.

In dai rigaye ake magana, babu gardama, Poe ne. A 1841 wata mujalla a Philadelphia ta buga "The Murders in the Rue Morgue", ita kuwa Green sai 1846 aka haife ta. Gwarzonsa Dupin ba ɗan sanda ba ne, ɗan manyan gida ne a birnin Paris wanda arziki ya guje wa. An kashe uwa da 'yarta a ɗakin da aka kulle ta ciki, 'yan sanda sun rasa ta cewa, shi ya warware da kaifin tunani, abokinsa kuma yana ba mu labari. Wannan tsari na mai basira da abokin rakiya shi marubucin Birtaniya Conan Doyle ya ɗora shahararren mai bincikensa Sherlock Holmes a kai a 1887. Sai dai gajerun labarai uku kacal Poe ya rubuta a kan Dupin. Na biyun ya gina shi ne a kan mutuwar Mary Rogers, wata mai sayar da taba a New York, kuma a ganina ya fi kama da sharhin jarida, har hamma yake sa ni. Na ukun, "The Purloined Letter" na 1844, shi ne gwanin.

Green ita ce ta mayar da abin cikakken littafi mai farin jini. Mahaifinta lauya ne, kuma za ki ga alamar hakan a "The Leavenworth Case" na 1878. An harbe wani attajiri a ɗakin karatunsa a New York, ga 'ya'yan 'yan'uwansa mata biyu da ya rena, Mary da Eleanore, ga dukiyar gado da ya ware wa ɗaya. Ana kiran shaidu ɗaya bayan ɗaya, ana tambayar masu aikin gida da sakatare, ana duba bindiga. Ke ma kina zaune kina zargin wannan, can ki koma kan wancan. Mai binciken, Ebenezer Gryce, ɗan sanda ne mai cin albashi, wanda ba ya kallon idon wanda yake tambaya, sai ya kafa wa wani abu a ɗakin ido. A 1897 kuma ta ƙirƙiro Amelia Butterworth, dattijuwar da ba ta taɓa aure ba, mai sa ido a kan maƙwabta har ta zama mai bincike.

Poe ba ruwansa da zukatan mutanen labarinsa, lissafin ne gabansa. Green kuwa tana cika matan labarinta da kuka da suma da dogon jawabi, wani lokacin har a ƙosa. Amma wanda ya saba da littattafan rikicin gado da sirrin aure, a wajenta zai fi sakewa.

Shawarata, ki karanta "The Purloined Letter" a zama ɗaya, sannan ki ba "The Leavenworth Case" na Green mako guda. Dukansu suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, sai dai Turancin tsoho ne, ki ajiye ƙamus kusa.