Ceftriaxone kaɗai, ko a haɗa da metronidazole, ga mai ciwon hanta da ruwa a ciki?

'Yan uwa ma'aikatan jinya daga Agege zuwa Idi-Araba a Legas suna yawan yi mana wannan tambaya kan waɗannan magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu idan mai ƙanƙancewar hanta ya tara ruwa a ciki, zazzaɓi ya taso.

Amsar tana cikin ruwan. A zuƙo shi kafin a fara magani. Idan farin ƙwayoyin jini na neutrophil sun kai 250 a kowace mm³ kuma hanji lafiya lau, yawanci ƙwayar cutar E. coli ko Klebsiella ce. Ƙwayoyin cutar da ba sa rayuwa cikin iskar oksijin, waɗanda ake ba da metronidazole dominsu, da wuya su zauna a wannan ruwa. Ceftriaxone giram 1 zuwa 2 kullum, kwana 5 zuwa 7, ya wadatar, da albumin (furotin da ake sawa ta jijiya) giram 1.5 a kowane kilo na nauyin jiki ranar farko, giram 1 a kowane kilo rana ta uku. Albumin ɗin yana da tsada, amma shi ke kare ƙoda.

Idan hanji ya huje ko ƙurji ya taru, labari ya sauya. Sukarin ruwan ƙasa da 50 mg/dL, furotin sama da giram 1 a dL, ƙwayoyin cuta iri-iri har da Bacteroides da ba ta rayuwa cikin oksijin: nan metronidazole ya zama dole, da hoton CT da likitan tiyata.

Metronidazole yana da araha, shi ya sa ake cusa shi barkatai. Hantar da ta gaji ba ta fitar da shi da wuri. Yana taruwa, ya kawo ruɗewa da sagewar ƙafa. Ga mai ciwon hanta mai tsanani akan rage rabin maganin.

A sake zuƙo ruwa bayan awa 48. Wanda ya samu sauƙi ya ci gaba da ceftriaxone. Wanda bai samu ba, a binciki hanjinsa.