Dashen itatuwan gida na leda: wanne ya kai kuɗinsa?

Masu renon dashe na bakin titi a Kano da Katsina sun fi tara darbejiya da turare, don su ke saurin tashi. Amma darbejiya daga Indiya ta zo, turare daga Ostireliya. Mai son amyarsa ta cika, tsuntsaye su yi sheƙa a gonarsa, sai ya matsa can bayan layi, inda ake ajiye gawo, magarya, ɗorawa da aduwa.

Magarya ce ta fi cancantar kuɗinta. Tana kamawa ba wuya, tana jure fari, furenta na ƙarshen damina kuwa ƙudan zuma ba sa ɗaga masa ƙafa. Ƙayarta kan kare sheƙar ƙananan tsuntsaye. Ɗorawa ma ba laifi: jan tutunta yana fitowa da rani, jemagu su sha da dare, zuma da sassafe. Sai dai shekaru za ka jira.

Matsalar tana wajen gawo, alhali shi ne ya fi amfani, tunda yana huda bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ciyawa ta bushe. Gawo uwar saiwa yake fara turawa ƙasa kafin ya yi tsawo. A guntuwar ledar ruwa da ake renonsa, cikin wata uku ko huɗu saiwar ta taɓo gindi ta nannaɗe kamar gammo. Irin wannan, ko an dasa shi, tsugune zai yi. Ɗaga ledar ka duba ƙarƙashinta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa, ko kuma dashen ya wuce gwiwa, bar musu kayansu. Ƙarami mai tsawon santimita 20 zuwa 30 ya fi, duk da mai sayarwa zai nuna maka babban.

A dasa a watan Yuli, bayan ruwa ya zauna. Rami santimita 40 zurfi da faɗi, a yanke gindin ledar, a cire ta duka. Taki ya zama ruɓaɓɓe, ɗanye gara yake kira. Tsakanin gawo da gawo mita 10. Shingen ƙaya dole ne, in ba haka ba awaki ka saya wa.

Wanda gonarsa ke da kututturen gawo ko kalgo mai toho, kada ya kashe kuɗi a kansu. Ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ya sare sauran, yadda manoman Maraɗi da Damagaram suke yi. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, shi ya sa tohon ke tsere wa na leda.