Gargaɗi ga masu shigo da kayan wutar mota a Legas: an damfare ni naira miliyan 4 da dubu 850 da sunan gwajin EMC

Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina rubuta wannan bayani ina gogewa saboda nauyin da nake ji, amma na ga cewa shirun da nake yi ba ya amfanar kowa sai mutumin da ya cuce ni, wanda na tabbata har yanzu yana yawo tsakanin kasuwannin Ladipo da Alaba da jakarsa ta takardu yana neman wani. Naira miliyan 4 da dubu 850 ya karɓa daga hannuna, a kashi uku, kuma kowane kashi da hannuna na tura shi, ina cikin hankalina, ina ganin aikin da ya dace nake yi.

Shekarata goma sha shida ina sayar da kayan wutar manyan motoci a Legas. Fitilun gaba na LED, da na'urar da ke rage ƙarfin wuta daga bolt 24 na tirela zuwa bolt 12 domin rediyo da cajin waya, su ne mafi yawan abin da nake shigowa da su daga ƙasar Sin. Na san Form M, takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ta banki, na san takardar SONCAP da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke nema kafin kaya su fita daga Apapa ko Tin Can, kuma ban taɓa barin kwantenata ta kwana a tasha saboda matsalar takarda ba. Na faɗi wannan ne domin masu cewa sai wanda bai san kasuwa ba ake yi wa irin wannan. Abin da ban sani ba shi ne gwajin da injiniyoyi ke kira EMC, wato gwajin da ke tabbatar da cewa na'ura ba ta fitar da hayaniyar lantarki da za ta dagula wa sauran na'urorin mota aiki, ita ma kuma hayaniyar wasu ba ta rikita ta. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayata wannan takarda, sai da wani kamfanin dakon kaya mai manyan motoci ya ba ni odar fitilu 400 da na'urar rage wuta 150, bisa sharaɗin in kawo rahoton gwaji a kan CISPR 25, ƙa'idar auna hayaniyar lantarkin kayan mota, da shaidar amincewa ta UN R10, ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya kan EMC na motoci.

Ranar da na haɗu da mutumin ita ce ke hana ni barci. Juma'a ce, mun idar da salla a Agege, ina tsaye ina yi wa wani abokina ƙorafin cewa masana'antar da nake sayen kaya a wurinta ta aiko mini da takardar CE kawai, wadda ke cewa kaya sun cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, kamfanin kuma ya ce ba ta wadatar ba. Sai wannan mutum, sanye da farar shadda, da Hausarsa tsantsa, ya matso ya ce, "Alhaji, gafara dai, na ji kana maganar CISPR 25, ai wannan aikinmu ne." Kafin in buɗe baki ya yi mini bayanin cewa alamar CE a yawancin irin waɗannan kaya mai ƙera su ne ke liƙa ta da kansa bisa nasa alhakin, shi ya sa manyan kamfanoni ba sa tsayawa a kanta, kuma daga baya na tabbatar cewa wannan maganar tasa gaskiya ce. Ya ce ana auna kayan mota a ɗaki na musamman wanda aka lulluɓe da ƙarfe, aka jera wa bangonsa abin da ke shanye sigina, ana ɗora na'urar a kan tebur mai shimfiɗar ƙarfe, a kafa eriya mita ɗaya daga wayoyinta. Wannan ma gaskiya ne. To, ku gaya mini, wane ɗan kasuwa ne zai ji mutum ya jero masa wannan a ƙofar masallaci, ya kuma ce shi wakilin wani ɗakin gwaje-gwaje ne na ƙasar waje, sannan ya ɗauka ɗan damfara ne? Ina ta maimaita wannan tsayuwa a raina, ina neman inda ya kamata in ga alama, kuma har yau ban ga wata alama a fuskarsa ko a maganarsa ba.

Kashi na biyu, naira miliyan 2 da dubu 100, shi ne ya fi yi mini ciwo, domin a lokacin ne zuciyata ta ɗan yi rawa. Amma bari in fara da na farko. Naira miliyan 1 da dubu 500 na tura a matsayin kuɗin buɗe fayil da aika samfur, bayan na je ofishinsa a wani bene a Ikeja, inda na ga tebur da kwamfuta da wata yarinya mai karɓar baƙi da takardun shaida a jikin bango. Na ba shi samfur goma sha biyu, fitilu takwas da na'urar rage wuta huɗu, ya ba ni rasit mai hatimi. Rasit ɗin yana hannuna, zan saka hotonsa. Na tambaye shi dalilin da ya sa asusun da zan tura kuɗin yake da sunan mutum maimakon sunan kamfani, ya ce asusun kamfanin na dala ne, kuma idan na biya ta can canji zai cinye ni, shi yana so ya sauƙaƙa wa ɗan'uwa ne. Na tambaya, ku lura, na tambaya. Ba rufe ido na yi na tura ba.

Bayan mako biyu, ko kuwa kwana goma sha takwas ne, domin sai na duba saƙonnin zan tabbatar, ya kira ni da dare ya ce fitilun sun faɗi gwaji a zangon rediyon FM, kuma sai an sake aunawa bayan an ƙara musu wani abin tace hayaniya. A nan ne ya kama ni sosai. Da ya ce komai ya wuce lafiya lau tun karon farko, da wataƙila na yi shakka, amma mutumin da ya kira ka ya ce kayanka sun faɗi, ai sai ka ɗauka gwajin gaske ake yi. Na ce, "Malam, ni ba takarda kawai nake so ba, ina so kayan su zama masu kyau, direbobi ne za su yi tafiyar dare da su daga Legas zuwa Kano." Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai shi ya sa nake son aiki da irinku." Na tura naira miliyan 2 da dubu 100 washegari da safe. Wannan muryar tasa tana nan a wayata, zan fitar da ita kowa ya ji. Ina so a fahimci cewa ban taɓa neman a buga mini takardar bogi ba, ban ce a yi mini hanya ba, kuɗin gwaji na biya, kuma wanda duk ya ce haɗama ce ta kai ni, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ranar da na kai wa kamfanin dakon kayan takardun, bayan na biya cikon naira miliyan 1 da dubu 250 na abin da ya kira kuɗin fitar da shaidar R10, na shiga da ƙarfin gwiwa. Injiniyan da ya karɓa yaro ne da bai kai ƙanena na uku ba, mai ladabi ƙwarai, kuma ladabin nasa ne ya ƙara mini kunya. Bai yi minti goma yana dubawa ba ya ce, "Baba, don Allah wa ya yi maka wannan aiki?" Ya nuna mini cewa a bangon rahoton an rubuta CISPR 25, amma a shafukan ciki iyakokin da aka auna da su na CISPR 32 ne, wadda ƙa'ida ce ta kayan irin su kwamfuta da talabijin. Ya nuna mini inda aka rubuta cewa an ba na'urar wutar gida ta bolt 230 lokacin gwaji, alhali na'urata da batirin mota mai bolt 24 take aiki, ba ta da inda za a soka ta a bango. Ya ce CISPR 25 tana da aji biyar, daga 1 zuwa 5, na biyar ya fi tsauri, kuma kowane rahoto na gaskiya sai ya faɗi ajin da aka auna kayan a kansa, nawa kuwa bai ambaci aji ko ɗaya ba. Zanen ma'aunin da aka saka wa fitila da wanda aka saka wa na'urar rage wuta iri ɗaya ne sak, layi bisa layi, kamar an ɗora takarda a kan takarda. Hoton da ya kamata ya nuna samfurina a kan teburin gwaji yana nuna wani baƙin akwati ne da ban taɓa sayar da irinsa ba. Sannan kwanan watan da aka ce an yi gwajin ya riga ranar da na miƙa samfur da kwana tara.

Shaidar R10 ɗin ta fi muni. Yaron ya yi mini bayani cewa wannan ƙa'ida ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce, ƙarƙashin yarjejeniyar 1958 ta Janiba, kuma hukumar gwamnatin wata ƙasa ce ke bayar da amincewar, ana gane ƙasar da lambar da ke gefen harafin E a cikin da'ira: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E11 Birtaniya. Takardar da na biya wa naira miliyan 1 da dubu 250 tana ɗauke da E4, amma a samanta an rubuta cewa daga Jamus ta fito. Ya ƙara da cewa babu ko shafi ɗaya a kan ISO 7637-2, gwajin da ke nuna ko na'ura za ta jure tsalle-tsallen wutar da ke bi ta wayoyin mota lokacin da ake tayar da inji ko kashe wani abu mai jan wuta, kuma wannan ne abin da ya fi damun su a kan na'urar rage wuta. Na zauna a kujera ina jin gumi yana bin bayana a ɗaki mai sanyi.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin wannan rana, wajen mako guda kafin in biya kashi na uku, na ɗaura fitilun a tirelar wani direba da muke mutunci da shi a Apapa domin ya gwada mini. Ya dawo ya ce hasken ba laifi, amma da zarar ya kunna fitila sai rediyonsa ya kama shuuu, tashar FM ta ɓace, in ya kashe ta dawo. Na kira mutumin nan na gaya masa, ya ce eriyar motar ce ta tsufa, kuma ai waɗanda aka gyara suna can wurin gwaji. Na yarda, domin amsar ta shiga hankali, motar tsohuwa ce da gaske. Daga baya injiniyan ya gaya mini cewa abin da direban ya ji shi ne ainihin abin da CISPR 25 ke nema: a cikin fitilar LED akwai ƙaramin allon lantarki da ke kunna wuta yana kashewa da saurin gaske, idan kuma ba a tace shi ba hayaniyar takan bi waya ta fantsama har zangon FM, tsakanin megahaz 87.5 zuwa 108, wani lokaci ta taɓa na'urar bin sawun mota, wadda kamfanin dakon kaya ba ya wasa da ita. Wato direba da tsohon rediyonsa ya gaya mini gaskiya kyauta, ni kuma na ƙara tura kuɗi.

Daga ofishin kamfanin ban tsaya ko'ina ba sai Ikeja. Ɗakin a kulle, mai gadin benen ya ce haya ce ta wata uku kuma sun kwashe kayansu tun ranar Asabar. Lambobinsa biyu duk a kashe. Na rubuta wa ɗakin gwaje-gwajen da ya ce yana wakilta, ta adireshin da injiniyan ya samo mini daga shafinsu na intanet, suka amsa cikin kwana biyu cewa ba su da wakili mai wannan suna, kuma lambar rahoton ba tasu ba ce. Wannan amsa ma zan saka ta. Abokina da muke tsaye tare a ƙofar masallaci ya rantse bai taɓa ganinsa ba kafin ranar, ni kuwa duk tsawon lokacin na ɗauka sun san juna, domin ya gaishe shi kamar tsohon sani. Na kai ƙara, na kuma sanar da bankina, maganar tana hannun hukuma, shi ya sa lauyana ya hana ni fitar da sunan da ya ba ni da lambar asusun a yanzu.

Odar ta tafi. Kamfanin bai zarge ni da ha'inci ba, amma sun ba wani, kuma na san yadda ake kallon mutumin da ya kawo takardar jabu ko da ba shi ya buga ta ba. Naira miliyan 4 da dubu 850, ban da samfur goma sha biyu, ban da kuɗin kayan da ke jibge a sitona a Ojo, waɗanda ba zan iya sayar wa direba ba ina sane da cewa za su kashe masa rediyo. A cikin kuɗin nan akwai naira miliyan 2 na wani dattijo da ya ba ni juyawa, kuma jiya na je na durƙusa na gaya masa da bakina.

Wanda aka nemi takardar gwajin EMC a wurinsa, kada ya biya ta hannun ɗan tsakiya. Ya nemi shaidar ISO/IEC 17025 ta ɗakin gwajin, wato shaidar da ke tabbatar da ƙwarewarsu a aikin gwaji, ya duba ko ƙa'idar da yake so tana cikin abin da aka amince su auna, ya rubuta musu da kansa, kuma kada ya tura ko sisi zuwa asusun mutum.

Mutumin dogo ne, yana da tabo a bayan hannun hagu, yana riƙe da baƙar jaka, kuma yana fara magana ne da CE kafin ya gangaro kan CISPR. Rasit uku, da saƙonninmu, da muryar da ya ce fitiluna sun faɗi gwaji, da shafin da aka rubuta bolt 230, duk zan saka hotunansu da zarar lauya ya rufe wuraren da ya ce a rufe, in sha Allahu kafin Juma'a. Idan akwai wanda ya taɓa ba shi samfur a Ladipo ko kasuwar Trade Fair, ya neme ni, domin an ce mini idan muka kai mutum uku ƙarar za ta fi ƙarfi.