Injin wankin altirasonik na kayan faiba, bayan wata huɗu a hannuna

Abokan aiki da yawa in sunka shigo shago sunka ga ɗan injin nan yana kuka bisa teburi sai su ce mi ne ne wanga kuma, ko ka koma gyaran waya ne? To bari in faɗi abin da na gani, tunda na saye shi tsakiyar hunturu ga shi har mun shigo bazara ina aiki da shi.

Ni dai aikina faiba ne, wato wayar gilashin nan da ke kai intanet ta hanyar haske, jan waya da haɗi da gyaran akwatunan da kawunan wayoyin, waɗanda ake cusawa a haɗa layi, ke taruwa a ofisoshi, daga cikin gari har Wamakko da Kwannawa. Duk wanda ya taɓa aikin ga a Sakkwato ya san ɓera da masu tonon kwalbati ɓarnarsu ta lokaci-lokaci ce, amma ƙura kullum tana nan. Zuciyar faiba irin wadda ake kira singil mod, inda haske ke bi, faɗinta maikiron 9 ne kacal (maikiron 1,000 ke yin milimita guda), gilashin da ya kewaye ta 125, gashin kanka guda ya ninka zuciyar nan sau da yawa, to ka ɗauka ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta zo ta zauna daidai wurin. Kuma abin haushin in ka cusa kan a haka fararen bakunan tangaran da ke riƙe da gilashin a kawunan biyu matse juna suke yi, sai ƙurar ta niƙe ta ƙwarzane fuskar, shi ke nan datti ya koma tabo wanda ko ka kwana kana goga ba ya fita.

Adafta, ɗan mahaɗin nan da ake cusa kai biyu ciki su haɗu, ita ce ta sa na saye shi. Mun kwance wani tsohon akwati a wani ofis wajen Gawon Nama, adaftocin irin kan da ake kira SC, shuɗɗa da koraye, sun fi ɗari, rabinsu ba murfi, an bar su baki buɗe ko shekara nawa oho. Sai ka goge kan fach kod, gajerar wayar nan mai kai a kowane gefe, da alƙalamin gogewa na dannawa, ka duba da sikof, madubin da ke ƙara girman fuskar kan, ka gan shi fes, ka cusa ka zaro ka sake dubawa sai ka ga zoben datti ya kewaye fuskar kamar an sa mata kwalli. Ashe dattin yana cikin ɗan bututun da ke cikin adaftar, wanda ke daidaita bakunan biyu. Akwai tsinken goge shi na milimita 2.5 amma ƙa'ida tsinke ɗaya rami ɗaya ka yar, lissafa ɗari da wani abu da kuɗin dala na yanzu. Wani abokina mai gyaran waya na gani yana wanke fanel cikin irin wanga inji, shi yac ce in gwada, sai na yi odar mai lita 2 aka ɗoro min shi a mota daga Legas.

Abin ba wani girma gare shi ba, kamar ƙaramar kular abinci ta silba, akwai kwando da murfi da madannan taima da na hita. An rubuta 40 kHz a jikinsa, ma'ana ƙasan tukunyar na kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa ɗaya, kaɗawar nan ke haifar da 'yan mitsi-mitsin kumfa cikin ruwa da ido ba ya gani, su tashi su fashe, fashewar ce ke ɓamɓare datti har cikin lungun da tsinke ba ya kaiwa. In kana son ka san naka na aiki ko an sayar ma da tukunya mai ƙara kawai, tsoma takardar alminiyam irin ta naɗe kaza na minti ɗaya, in ta fito da 'yan huje-huje kamar gara ta ci to lafiya lau. Nawa ya huda ta amma ta tsakiya ta fi cin wuya, gefe-gefe da sauƙi, tun daga nan nike tara kayan a tsakiyar kwando.

Maganar otomatik da mai sayarwa ya yi ta yi min kuwa, a bar ta kawai. Otomatik ɗinsa shi ne ka danna minti biyar shi kashe kansa. A masana'antun da ke yin kawunan nan ne ake da na gaske, tukwane a jere, ta wanki, ta ɗauraya, sannan wurin busarwa, inji ke ɗaukar kwandon daga wannan zuwa wancan bayan an goge fuskar kawunan. Nan kai ne injin ɗauraya kai ne na busarwa, kuma wallahi can aikin yake.

Ranar farko ruwan bohol na zuba da ɗan garin sabulu, ruwan ya fito ja wur kamar na Gulbin Rima da damina, na ji daɗi ina cewa yauwa, na baza su sunka bushe, da na cusa kai mai tsabta na duba sai ga farare-fararen tabo ko'ina. Gishirin ruwan ne da sauran sabulu sunka bushe a ciki. Fiya wata ma na gwada, da ɗan dama amma bai raba ni da tabon ba. Sai da na koma ruwan batir, tataccen nan fa da ake ƙara wa batir ba asid ba, don Allah a tambaya da kyau kafin a saya. Yanzu yadda nike yi, in zuba ruwan da ɗigo biyu na sabulun ruwa, in bar injin ya yi kamar minti biyar ba kaya don iskar da ke cikin ruwan ta fita, ruwa sabon zubi bai wanki da kyau, sannan in sa kayan cikin kwando minti uku zuwa biyar, in zubar in sake ɗauraya da tsuran ruwan batir sau biyu. Kar ka aje kaya bisa ƙasan tukunyar kai tsaye, kuma kar ka kunna shi ba ruwa, haka ake kashe shi.

Busarwa ita ta fi ba ni wahala. Garin da in ka share teburi ka juya baya ka dawo za ka iya rubuta sunanka bisa, ina za ka shanya abu jiƙaƙƙe? Na taɓa sa su gaban fanka, aikin banza, na mai da musu abin da na cire ne. Dabarar da ta yi min ita ce in tsoma su cikin IPA, wato alkohol ɗin goge kayan lantarki, mai kashi 99 a wani kwano daban nesa da injin don shi kore ruwan, in fesa musu iskar gwangwani, in rufe cikin roba mai murfi, washegari kowacce in sa mata murfinta. Murafun ma wanke su nike yi, mutane na ɗauka murfi tsabta ne alhali wasu shi ke kai dattin.

Tunda na ambaci IPA, wata rana na fita sallar la'asar na dawo na iske yarona ya ɗauko galan zai juye cikin tukunyar, ga hita a kunne. Na ce kai tsaya, mi kake shirin yi? Yac ce oga ai na ga shi ya fi saurin bushewa. Abin da turirinsa ke iya kama wuta tun daga digiri 12, mu da ke fama da sama da 40 a Afrilu, cikin shago mai ƙofa ɗaya. Tun ranar galan ɗin cikin kabad yake kwana a kulle.

Inda na yi asara kuma laifina ne, na ce bari in gwada kawunan fach kod su ma. Na tsoma guda shida, sunka fito fes a sikof na yi murna na kai su aiki. Kwana biyu anka kira ni akwatin kwastoma na nuna jan wuta, na auna da mita hasken ya faɗi ƙasa da -27 dBm, ma'aunin ƙarfin hasken ke nan, inda GPON, tsarin da ke raba wa kwastomomi layin, ke fara gardama, na zaro kan na duba sai ga wani maiƙo-maiƙo ya malalo bisa fuskar. Ruwan ya shige bayan bakin ne wajen sifirin ya laɓe, zafi ya taso shi ya biyo ya fito. Don haka haɗaɗɗen kai ba na tsomawa kuma, alƙalamin dannawa da ƙyallen da ba ya zubar da zare sun ishe shi, SFP kuwa, ɗan ƙarfen nan mai lantarki ciki da ake cusa wa na'ura don ta aika haske ta karɓa, ko da wasa kar ka kai shi kusa da ruwa. Kuma in ƙwarzane ne a fuska injin nan ba ruwansa, sai dai a yanke a sa sabon kai.

Cikin adaftocin nan guda tara kawai na yar, su ma bututun cikinsu ne ya tsage tun asali, sauran duk sun koma aiki, SC da ƙananan da ake kira LC masu bakin milimita 1.25 duka yana fid da su. Kuɗinsa dai ya fito tun a aikin farko. Abin da ban so ba, kukansa kamar gyare ya shiga kunnenka, in ya yi zagaye uku a jere ruwan na ɗumama da kansa ko hita a kashe har sai na bar shi ya huta, murfin bai zama daidai, kuma in anka ɗauke wuta taimar mancewa take yi sai ka sake daga farko, shi ya sa nike ɗora shi bisa inbata tunda bai cin wuta sosai in ba ka kunna hita ba.

Wanda ke harka da tsofaffin akwatuna da adafta da yawa ya saya, zai ji daɗinsa. Wanda kuwa aikinsa sa wa gidaje layi ɗai-ɗai ne kuma har yau bai da sikof, ya fara sayen sikof ɗin tukuna, ba shakka ya fi mai amfani. Nawa ma yau ba ya shago, uwargida ta ga yadda ya fid da ɗan kunnenta ranar nan, ta sa an kai mata shi gida wai akwai bikin ƙanwarta ran Asabar.