Prometheus ko manhajar da ake biya wa kuɗi, wanne ke nuna sabar ba ta yanke ba?

Malam, ka tambaya wanne ya fi wajen sa ido kan sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafi ko bayanai) tsakanin Prometheus, manhajar sa ido ta kyauta, da wata manhajar da ake biya wa kuɗi wata-wata; ka ɗauki Prometheus. Kana son tabbacin cewa sabar ba ta yanke ko sau ɗaya ba daga safe zuwa dare, kuma kaso cikin ɗari na lokacin da ta yi tana aiki ba ya ba da wannan tabbacin, domin kashi 99 na yini guda yana ɓoye minti 14 da 'yan daƙiƙu, kashi 99.9 na kwana 30 kuwa yana ɓoye minti 43.

Prometheus yana rubuta ma'auni mai suna up ga duk abin da yake leƙawa, 1 idan ya amsa, 0 idan bai amsa ba. Idan ka tambaye shi avg_over_time(up[12h]), matsakaici zai ba ka, amma min_over_time(up[12h]), mai fito da mafi ƙanƙantar ƙima, ba zai nuna 1 ba sai idan babu sifili ko ɗaya a cikin awa 12 ɗin. Idan layin intanet ko shafi kake gwadawa, ka haɗa da blackbox exporter, ƙaramar manhajar da ke gwada shafi ko layi daga waje, ka sa ma'auninta mai suna probe_success a madadin up.

Da tambayar min_over_time ɗin nan muka gano matsalar wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da nake kula da ita a nan Sakkwato. Matsakaicin yana da kyau kullum, ɗalibai kuwa suna kukan shafi yana tsaya musu. Mafi ƙanƙantar ƙimar ta fito sifili, da muka buɗe zanen sai muka ga yankewar tana zuwa ne bayan azahar, lokacin da zafin Afrilu ke dukan rufin kwano, na'urar raba intanet ɗin kuma tana rataye dab da silin. Aka sauko da ita, aka sa mata fanka, sifilin ya ɓace.

Sai dai ka kula da abu guda. Idan wuta ta ɗauke wa Prometheus ɗin kansa, ba sifili yake rubutawa ba, giɓi yake bari, kuma min_over_time zai tsallake giɓin ya ba ka 1. Saboda haka ka riƙa haɗawa da count_over_time, mai ƙirga sau nawa aka leƙa: idan yana leƙawa duk daƙiƙa 15, awa 12 za ta ba da kusan 2880, abin da ya ragu sosai daga nan lokaci ne da ba wanda ke gadi. Haka kuma kwana 15 kawai yake ajiye bayanai idan ba ka ƙara ba, wanda bai isa rahoton wata ba.

Manhajar kuɗin na taɓa biyan irinta; allonta yana da kyau, tana aiko da saƙo a waya, amma kaso kawai take nunawa.

Ka yi hattara da masu zuwa da tallan lasisin Prometheus. Kyauta ne tun da aka fara shi a SoundCloud a 2012, ba ka buƙatar sayen lasisi kafin ka yi amfani da shi, sai dai a caje ka kuɗin aiki irin na girkawa.  Ka samu ƙaramar kwamfuta, ka ɗora ta a kan inbata daban da ta sabar, ka girka Prometheus a kanta.