Sa'o'i biyu a kan kogin da aka gina da siminti a Lee Valley

A Yawuri na tashi, a bakin Neja, amma ban taɓa zama ɗan ruwa ba. Mahaifiyarmu ta hana mu kusantar gaɓa tun muna ƙanana, don ta ga gawar da aka tsamo ba ɗaya ba, ba biyu ba. Iyo ma sai da na zo Ingila na koya, a wurin wanka na unguwa, inda ruwan yake kwance lum kamar a faranti. Shi ya sa da ƙanena da ke karatu a Landan ya ce ya kama mana gurbi a Lee Valley White Water Centre mu shiga jirgin roba, sai da na yi kwana biyu ina juya maganar. "Yaya, ai ba kogi ba ne, ginawa aka yi," in ji shi. Gaskiya ya faɗa, amma rabin gaskiyar ce.

Daga tashar Liverpool Street muka hau jirgin ƙasa zuwa Waltham Cross, kusan rabin sa'a, sannan muka taka da ƙafa kamar minti goma. Kafin ka ga ruwan za ka ji shi. Wani irin ruri ne da ba ya yankewa, irin wanda ake ji a gindin madatsar ruwa idan an buɗe ƙofa.

An gina wurin ne domin gasar Olamfik ta Landan a 2012, don wasan tseren kwale-kwale tsakanin sanduna, kuma tun 2011 aka buɗe wa jama'a shi, kafin ma a yi gasar. Hanyoyin ruwa biyu ne. Babbar, wadda aka yi gasar a kanta, tsawonta mita 300, kuma daga sama zuwa ƙasa ruwan yana gangarowa mita 5.5. Ƙaramar mita 160 ce, gangararta mita 1.6, a nan ake koyar da sababbin shiga. Dukansu a tafki ɗaya suke zuba, kuma daga tafkin ne manyan famfuna ke ɗaga ruwan su mayar da shi sama, ya sake gangarowa. A babbar hanyar ana tura kimanin lita 13,000 a kowace daƙiƙa. Na tsaya na yi lissafi da jarkar lita 25 da muka saba da ita a gida: jarka 520 ke nan, kafin ka ƙifta ido. Duwatsun da ke karya ruwan ma ba duwatsu ba ne, tubalan roba ne da ake ɗaure su a ƙasan hanyar, ana iya kwance su a sauya musu wuri, sai igiyar ruwan ta sauya kama. Wannan dabara ta gina wa kwale-kwale kogi ta samo asali ne daga Jamus, a Augsburg, inda aka yi ta don gasar Olamfik ta 1972.

Kaya duk su suke bayarwa: rigar roba mai kama jiki da ke riƙe ɗumi, takalmin ruwa, hular kwano, da rigar da ke hana nutsewa. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne yadda jagoranmu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya kama kafaɗun rigar kowa ya finciko sama da ƙarfi. Tawa ta ɗago har kunne, ya sa na ƙara ɗaure ta, ya sake jarrabawa. Bai yi gaggawa ba, bai kuma yi wasa da abin ba.

Daga nan sai karatu, a kan ciyawa, kowa da filafilinsa a hannu. Jagoran ya ce: kada ka saki kan filafili ko da me, domin shi ne ke fasa wa na kusa da kai baki. Ka cusa ƙafa a ƙarƙashin matashin jirgin. Idan na ce gaba, gaba; idan na ce baya, baya; idan na ce ƙasa, ka zube cikin jirgi ka riƙe igiya. Sai kuma wanda ya fi tsaya min a rai: idan ka faɗa ruwa, kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama. Mai neman tsayawa a ruwa mai gudu, ƙafarsa na iya maƙalewa a ƙasa, ruwan ya danne shi ta baya. Shekara ashirin na yi a bakin kogi ban taɓa jin wani ya faɗa min wannan ba, alhali na tabbata Sarkawan garinmu sun san shi tun kaka da kakanni.

Ba su barin ka da jin kunne kawai. Kafin a hau, sai kowa ya yi tsalle cikin ruwan mai gudu ya gwada abin da aka koya masa. Watan Satumba ne, rana ta fito, amma sanyin da ya shiga ta wuyan rigar sai da ya ɗauke min numfashi. Na daƙiƙa biyu ban ga komai ba sai farin kumfa. Sannan rigar ta cillo ni sama, na tuna, na miƙe ƙafafu gaba, ruwan ya ɗauke ni kamar kara. Wata ma'aikaciya a gaɓa ta jefo igiya, ta faɗo daidai ƙirjina, na riƙe, ta jawo ni. Da na dafa siminti na fito, gwiwoyina na rawa, amma wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka.

Hawa sama kuwa ba a ɗaukar jirgi a ka. Kuna zaune a ciki za ku tuƙa zuwa gindin wani bel mai juyawa, irin na kaya a filin jirgin sama amma babba, ya ja ku har tafkin farawa. A zagayen farko ban fahimci komai ba. Ihu, ruwa a fuska, "gaba!", "ƙasa!", sai ga mu a ƙarshe cikin ɗan lokaci kaɗan. A na biyu na fara jin muryar jagora. A na uku na fara ganin ruwan da kansa: inda ya yi santsi kamar harshe, nan ce ƙofar shiga, bayan kowane tubali akwai wurin da ruwa ke juyowa baya a hankali, nan ake fakewa a huta. Wannan maimaitawar ita ce babbar fa'idar wurin a ganina. A kogin Allah, idan ka wuce gangara ka wuce ta ke nan. A nan kuwa za ka dawo wa igiyar da ta kayar da kai bayan minti kaɗan, tana nan yadda ka bar ta, ka sake gwadawa.

A zagaye na huɗu jagoran ya juya hancin jirgin ya saka mu cikin wani rami inda ruwa ke faɗowa yana naɗewa a kan kansa. Jirgin ya tsaya cak yana karkarwa, ruwa na kwarara ciki har ƙugu. A nan ƙanena ya sulale ya faɗa. Na ga hularsa ta ɓace, zuciyata ta yanke, na kira sunansa da ƙarfi. Kafin na rufe baki ya ɓullo a gefe, a rigingine, ƙafafu a gaba, yana dariya. Na kama kafaɗun rigarsa kamar yadda aka nuna mana, na jingina baya, ya faɗo kaina. "Yaya, ka gani ko?" Na gani.

Akwai abin da irin wannan wuri ba zai ba ka ba, kuma gara mutum ya sani tun daga gida. Babu tsuntsu a kan reshe, babu kwanar da ba ka san abin da ke bayanta ba, gaɓar siminti ce, 'yan kallo na tsaye a kan gada suna ɗaukar hoto. Wanda ke neman shirun daji, ba nan zai same shi ba. Kuma ruwan da lantarki ke turawa ba kamar na kogi ba ne da ke gudu kyauta, don haka a duba farashi a kama gurbi tun da wuri, musamman ranakun Asabar da Lahadi. A zo da tawul da kayan sauyawa. Mai tabarau ya ɗaure shi da igiya ko ya ajiye. Wanda bai iya iyo sosai ba ya faɗa musu gaskiya tun farko.

Bayan mun sauya kaya mun yi sallar la'asar a gefen ciyawa, muka hau barandar shan shayi da ke kallon hanyar ruwan. Kallo kyauta ne. A wannan ruwan ne Tim Baillie da Etienne Stott suka ci wa Birtaniya zinare a 2012, David Florence da Richard Hounslow suka bi su da azurfa a tsere ɗaya, kuma a nan aka yi gasar duniya a 2015 da 2023. Da yammar ranar masu atisaye sun fito da ƙananan kwale-kwalensu na mutum ɗaya. Na zuba wa wata yarinya ido, ba za ta wuce shekara goma sha shida ba. Ta shiga ramin nan da ya jefar da ƙanena, ruwan ya kifar da ita, kanta a ƙasa, gindin kwale-kwalen a sama. Na miƙe tsaye ban sani ba. Sai ga filafili ya yanko ruwa, ta murɗa ƙugu ta dawo zaune, ta girgiza kai, ta nufi sanda ta gaba.

Kafin mu fita na tsaya wurin karɓar baƙi na tambayi ranar da ake fara ajin koyon kwale-kwale na masu farawa, wanda ake yi a kan tafki. Na rubuta sunana. Mahaifiyarmu ce ban gaya wa ba tukuna. Sai na je gida, in zauna a gabanta, in nuna mata hoton rigar.