Gidan Tarihin Soja na Kumasi: Ya Cancanci a Je, Amma a Je da Shiri

A unguwar Adum ta Kumasi, kan titin Stewart Avenue, ba nisa da babban gidan waya, akwai wani jan gini mai kaurin bango da ƙananan tagogi. Mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango suna wuce shi kullum a hanyar kasuwa ko banki, kaɗan ne suka taɓa leƙawa. Nan ne tsohuwar ganuwar da Turawan Ingila suka kammala a 1897, wadda aka mai da ita gidan adana kayan tarihi na Rundunar Sojojin Gana tun farkon shekarun 1950. Daga kasuwar Kejetia da ƙafa ma ana zuwa. Hukuncina shi ne wurin ya cancanci kuɗin shiga da awa biyu na ranar mutum, musamman ɗan Zango, domin babu wani gini a Kumasi da tarihin kakanninmu ya haɗu da manyan yaƙe-yaƙen duniya kamar wannan. Sai dai wanda ya je hannu rabbana, bai san komai ba, zai fito da labarin tsofaffin bindigogi kawai.

Tsarin ziyarar mai sauƙi ne. Ka biya a ƙofa, a haɗa ka da mai rakiya, ya bi da kai ɗaki-ɗaki. A fili akwai manyan kaya: motoci masu sulke, igwa, bindigogin harbo jirgin sama. A ciki akwai ƙananan makamai, lambobin girma, tutoci, kayan sarki, hotunan hafsoshi da na bataliyoyi, da ganimar da aka ƙwato daga Italiyawa a gabashin Afirka da Japanawa a ƙasar Bama (Burma). Rubutun bayani da Turanci yake, don haka dattijon da ba ya karanta boko yana buƙatar ɗa ko jika a gefensa. Ginin kuwa don tsaro aka yi shi, ba don baje koli ba. Ɗakunan matsattsu ne, haske kaɗan ne, kuma da rana ta take zafi yakan taru a ciki. Malamin Islamiyya da zai kawo ɗalibai arba'in ya raba su gida uku ko huɗu, in ba haka ba na baya ba za su ji komai ba sai hayaniyar junansu. Safiya ta fi. A nemi izini kafin a ɗauki hoto, wurin na soja ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa zuwan Turawa Kumasi guda uku a mai da su yaƙi ɗaya. Wanda ya raba su a ransa kafin ya shiga, rabin aikin ya ƙare.

Na farko 1874 ne. Janar Garnet Wolseley ya taso daga Cape Coast, ya gwabza da Tonawa, wato mutanen Asante, a Amoafo ranar 31 ga Janairu, ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu a zamanin Asantehene (sarkin Asante) Kofi Karikari, ya kwashe dukiyar fada, ya rusa gidan dutse na sarki da nakiya, ya sa wa gari wuta, ya koma kafin damina ta rufe masa hanya. Yarjejeniyar Fomena ta ɗora wa Asante tarar zinariya oza 50,000. Na biyu Janairun 1896 ne, kuma ba a yi harbi ba: rundunar Sir Francis Scott ta shigo, aka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya, aka kai shi Elmina, daga nan Saliyo, daga bisani tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924. Bayan wannan kamun ne aka gina ganuwar da kake tsaye a ciki. Na uku shi ne 1900, kuma shi ne ya shafi ginin kai tsaye.

A nan ya kamata mai ziyara ya rage sauri. Ranar 28 ga Maris, 1900, Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante a gaban wannan ganuwa ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, kujerar da Asantehene kansa ba ya zama a kanta. Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, ta jagoranci tawayen da ya biyo baya. Zuwa ƙarshen Afrilu an yi wa ganuwar ƙawanya, gwamna da matarsa da 'yan mishan na Basel suna ciki, dubban baƙi da 'yan kasuwa da iyalan sojoji sun yi sansani a gindin bango suna neman kariyar bindigogin da ke sama. Abinci ya ƙare. Yunwa da cuta suka fi harsashi kisa. Ranar 23 ga Yuni Hodgson ya fasa ƙawanyar ta hanyar Patasi da mafi yawan sojojinsa, ya bar ɗari da 'yan kai su riƙe ginin, har Kanar James Willcocks ya iso ranar 15 ga Yuli. An kama Yaa Asantewaa daga baya, ta rasu a Seychelles a 1921. Kujerar kuwa Turawa ba su taɓa samun ta ba. Mai rakiya zai nuna maka ɗakunan duhu da aka tsare fursunoni. Ka shiga, ka bari a ja ƙofa na ɗan lokaci. Babu rubutun da zai gaya maka abin da rashin iskar wurin zai gaya maka.

Don a gane yadda aka yi wannan yaƙin, sai a tsaya gaban makaman a kwatanta. Bindigar da yawancin Tonawa suka riƙe irin ta maharba ce, mai ɗurin baki: a zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a danna da sanda, ƙanƙara ta ba da wuta. Harbi ɗaya, sai a sake ɗuri. Ba ta cin nesa, kuma in albarushi ya sha raɓa ko ruwan sama ta ƙi tashi. Gabanta akwai bindigar Turawa mai ɗurin gindi da harsashi haɗaɗɗe, da kuma bindiga mai ruwa, wato Maxim, mai zubar da harsashi wajen 500 a minti guda, da tulun ruwa kewaye da bututunta don kada zafi ya lalata shi. Duk da wannan tazara Tonawa sun riƙe ƙawanyar kusan wata uku, kuma dabararsu ita ce shingen gungumen itace da suka gina a kan kowace hanyar da ke shiga gari, mai kauri, cike da ƙasa da duwatsu, har ƙananan igwa ba sa huda shi. Willcocks bai ci nasara da harbi daga gaba ba. Sai da ya riƙa tura sojoji cikin kurmi su zagaya ta gefen shingen su afka da banati.

To su wane ne waɗannan sojojin? Nan ne ɗan Zango zai tarar da kansa, kuma nan ne nake ganin ziyarar ta fi buƙatar tambaya, domin kayan da ke cikin gilashi ba za su faɗa da kansu ba. Tun 1863 Kyaftin John Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, kuma da su ya biyo ta gabas ya iso Kumasi 'yan kwanaki bayan Wolseley a 1874. A 1879 aka kafa rundunar tsaro ta Gold Coast (sunan Gana a zamanin Turawa) a kan wannan tushe, a 1901 ta zama rejimanti cikin rundunar Afirka ta Yamma. Turawa suna kiran su duka Hausawa, alhali da yawansu Gurunsawa ne, Dagwambawa, Mosawa, Zabarmawa, Farafara, wasunsu bayi ne da suka gudu ko aka 'yanta. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni a faretin safe, kuma hafsa Bature sai ya koye ta. Magatakarda yakan rubuta sunan kurtu ya liƙa masa sunan ƙabilarsa a matsayin sunan uba. Duk wanda ya duba sunayen da ke ƙarƙashin tsofaffin hotuna zai ga wannan. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce waɗanda suka kare ganuwar a 1900, waɗanda suka mutu da yunwa a cikinta, a ɓangaren mai mamaya suke. Muna zaune yau a ƙasar Otumfuo, wato Asantehene, cikin amana, kuma bai kamata a kawo yara nan a nuna musu jar dara da kayan sarki a ɓoye musu wannan ba. A faɗa musu yadda talauci da bauta suka kai mutum ga ɗaukar bindigar Bature, a kuma faɗa musu a kan wa aka harba ta.

Sashen Yaƙin Duniya na Ɗaya gajere ne a tarihi amma akwai abin alfahari. A Agustan 1914 sojojin Gold Coast suka shiga Togo ta Jamus, burinsu tashar oba-oba ta Kamina kusa da Atakpame, wadda ke haɗa Balin da jiragen ruwanta na Atalantika. Jamusawa suka rusa tashar da hannunsu suka miƙa wuya ranar 26 ga watan. Alhaji Grunshi, wanda daga baya ya kai samanja, shi ake lissafawa sojan farko a ƙarƙashin tutar Ingila da ya yi harbi a yaƙin gaba ɗaya. Daga nan rejimantin ta yi Kamaru, ta yi gabashin Afirka.

Ɗakunan Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka fi cika da kaya, kuma su ne suka fi saka wa mai haƙuri. Italiya ta mamaye Habasha a Oktoban 1935. Birged ta 24 ta Gold Coast tana cikin waɗanda suka kore ta: El Wak a Disamban 1940, ƙetare kogin Juba a Fabrairun 1941, sannan dajin Uaddara. Haile Selassie ya koma Adis Ababa ranar 5 ga Mayu, 1941. Bayan haka aka kwashi sojojin Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, inda babu hanyar mota. Kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi jirgin sama ke jefowa da laima. A Janairun 1945 suka karɓi Myohaung. Kimanin mutum 65,000 daga Gold Coast suka sa kaki a wannan yaƙi, kuma a cikinsa ne, a 1942, Seth Anthony ya zama baƙar fata na farko daga nan da ya samu muƙamin hafsa.

Ga dabarar da ke sa yara su riƙe wannan sashe: sunayen duk suna nan a kewaye da mu. Barikin Uaddara a Kumasi, filin wasa na El Wak da Burma Camp a Accra, barikin Myohaung a Takoradi, barikin Kamina a Tamale. Kafin a shiga a rubuta wa kowane yaro suna ɗaya a takarda, a ce ya nemo shi a bango ya gaya wa sauran a wace ƙasa yake da shekarar da aka yi yaƙin. Ga masu sha'awar makamai kuma, a lura da bambancin da ya yi tasiri a fagen daga: Lee-Enfield ta Ingila tana ɗaukar harsashi 10, Carcano ta Italiya 6, Arisaka ta Japan 5.

Abin da hotunan nasara ba sa nunawa shi ne dawowa gida. An yi wa sojojin alkawarin fansho da aiki, suka dawo suka tarar da tsadar kaya da jira. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna ta Christiansborg a Accra da takardar koke, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey a mararraba. Tarzomar da ta biyo baya ita ta buɗe hanyar 'yancin kai na 1957. A gidaje da yawa na Zango har yanzu akwai lambar Bama ko takardar sallama a ƙasan adaka. Wanda ke da irin wannan ya ɗauki hotonta a waya ya zo da shi. Lambar soja da sunan bataliya da ke jiki su ne za su ba mai rakiya damar nuna maka ainihin inda kakanka ya yi yaƙi, maimakon bayanin da ake yi wa kowa.

Zamanin bayan 'yanci ba ya ɗaukar lokaci mai yawa, amma a tambaya a kansa: Kwango a 1960, Lebanon tun 1979, Laberiya a 1990 inda Janar Arnold Quainoo ya fara jagorantar ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da Ruwanda a 1994 inda sojojin Gana ƙarƙashin Birgediya Henry Anyidoho suka ƙi janyewa lokacin kisan ƙare-dangi, alhali wasu ƙasashen sun kwashe nasu.

Ingancin ziyarar ya rataya ne a kan hirarka da mai rakiya. In ka yi shiru zai bi da kai cikin minti arba'in, in ka zo da tambayoyi za ka ci ribar awa biyu. Ka gaya masa tun a ƙofa abin da ya kawo ka, ko 1900 ne ko Bama, da harshen da mutanenka suka fi ji. Bayan an fito, maƙabartar sojojin Ingila tana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna. Wanda ke da sauran ƙarfi ya hau mota zuwa gidan tarihi na Manhyia, fadar Asantehene, a ranar, don ya ji labarin daga bakin waɗanda aka mamaye. A can ne a 2024 aka baje kayan zinariya 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka mayar a matsayin aro, da wasu 7 da gidan tarihin Fowler na Amurka ya mayar dungurungum, da yawansu daga cikin abin da aka kwashe a fadar Kofi Karikari a 1874.